Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gine-ginen Salon Bayan-Zamani a Unguwannin Gefen Abuja

Duk wanda ya saba bin hanyar Kubwa, ko hanyar filin jirgin sama da ta ratsa Lugbe, ya sha wuce irin ginin da wannan jagora take magana a kai, ko da bai taɓa tsayawa ya ƙare masa kallo ba. Bene ne mai hawa biyu ko uku, da dogayen ginshiƙai farare irin na tsoffin Girkawa a bakin ƙofa, da tagogi masu shuɗin gilashi, da rufin kwano mai tsini irin na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, wani lokaci kuma a ga zankwaye a saman katangarsa kamar an ɗauko su daga wani soro na Zariya. Da yawa daga masu ilimin zanen gini suna taɓe baki idan suka gan shi, su ce kwamacala ce. A ganina wannan ita ce fuskar Abujar da jama'a suke kwana a cikinta, kuma ta cancanci a ɗauke ta hoto da irin natsuwar da ake ɗaukar Masallacin Ƙasa, musamman da yake waɗannan gine-gine ba sa daɗewa a kama ɗaya: bana a sake fenti, baɗi a ƙara bene, wata shekara a wayi gari an mai da gidan shaguna.

Mataki na farko: ka san abin da kake kallo

Salon da masana suke kira fosmodan, wanda za mu kira salon bayan-zamani, ya taso ne a Amurka da Turai a shekarun 1960 da 1970, a matsayin bore ga salon da ya gabace shi, wato na akwatunan kankare da gilashi marasa ado. Ba'amurke Robert Venturi yana cikin waɗanda suka fara wannan bore, kuma abin lura shi ne a unguwar gefen gari ya fara shi, a Chestnut Hill da ke Filadelfiya, inda ya zana wa mahaifiyarsa wani ɗan gida da aka kammala a 1964. Fuskar gidan babbar alwatika ce da aka tsaga ta a tsakiya, sannan aka zana wani baka a saman ƙofa wanda ba ya ɗauke da nauyin komai. Bayan shekara 20, a 1984, Philip Johnson ya ɗora wa dogon benen kamfanin AT&T na Niyok kai irin na tsohon kabad ɗin katako. A Noisy-le-Grand kuwa, gabas da birnin Faris na Faransa, Ricardo Bofill ɗan ƙasar Sifen ya gina rukunin ɗaruruwan gidajen zama da aka gama a 1983, ya lulluɓe su da manyan ginshiƙan kankare da aka zubo a masana'anta, har wurin ya zama kamar fadar wani sarkin Rum.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne aro. Ana ɗauko wani abu daga tsohon zamani ko daga wata ƙasa, a ƙara masa girma fiye da kima ko a rage, a shafa masa launin da ba nasa ba, a manna shi a inda ba ya aikin komai sai ado da isar da saƙo. Abuja ta tashi ne daidai lokacin da wannan salo yake tashe a duniya: an kafa dokar samar da ita ranar 3 ga Fabrairu, 1976, an gama babban tsarinta a 1979, Bajapane Kenzo Tange ya tsara tsakiyarta, gwamnati kuma ta tare ranar 12 ga Disamba, 1991. Unguwannin gefe sun cika ne daga baya, kuma yawancin masu gininsu ba su da wata alaƙa da Venturi. Mai gida ne ya ga wani abu a Dubai ko Makka ko Legas, ya nuna wa injiniya hoton a waya ya ce irin wannan yake so, birkila kuma ya ƙara tasa fasahar. Amma hanyar ɗaya ce, aro da haɗawa, kuma hanyar ɗaukar hotonsu ma ɗaya ce.

Amfanin sanin wannan ga mai kyamara shi ne ya gane inda ginin ya ajiye maganarsa. Ginin akwati ana ɗaukarsa daga kusurwa domin a nuna girmansa da nauyinsa. Shi kuwa wannan duk abin da yake son faɗa yana fuskarsa, bayansa kuma sau da yawa bulo ne da filasta kawai. Idan ka samu dama ka ƙwanƙwasa ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai, ba mamaki ka ji yana amsawa kamar gora, domin riga ce aka zuba a mazubi a bakin hanya aka sa wa siririn ginshiƙin rodi da ke ciki. Saboda haka kowane gini yana bukatar aƙalla hoto biyu: ɗaya gaba da gaba, ɗaya kuma daga gefe, wanda zai nuna wurin da adon ya ƙare jikin ginin ya fara.

Mataki na biyu: zagayen farko ba da kyamara ba

Gwarimpa ce wurin da ya fi dacewa a fara. An gina rukunin gidajenta a shekarun 1990, zamanin Janar Sani Abacha, bisa 'yan zane-zane kaɗan da aka riƙa maimaitawa, daga baya masu gidajen suka riƙa sauya su, kowa da abin da ransa yake so. Wannan ya sa za ka iya samun gida yana nan yadda aka miƙa makullinsa, na kusa da shi kuma, wanda asalinsu ɗaya, ya samu ginshiƙai huɗu da baranda mai zagaye da rufin da ya kusa kai tsawon ginin kansa. Hoton da ya haɗa su biyun ya fi dogon bayani. A Kubwa da Lugbe da Karu da Nyanya kuma ka sa ido a kan filazoji da gidajen mai da ɗakunan biki da otal-otal, domin su ne suka fi ƙoƙarin jan idon mai wucewa a mota. A Lokogoma da Galadimawa da Apo, inda rukunin gidaje masu katanga suka yi yawa, ƙofar shiga rukunin ita ce abin ɗauka, don nan ne mai ginin ya zuba duk burinsa.

Ka shiga Keke Napep ko ka taka da ƙafa, da ɗan littafi da biro. Ga kowane ginin da ya ja hankalinka, ka rubuta titin da yake, ka buɗe kamfas ɗin waya ka duba inda fuskarsa take kallo, gabas ko yamma, kudu ko arewa, domin wannan ne zai gaya maka sa'ar da za ka dawo. Ka lura da abin da zai tare maka: wayoyin lantarki, allon talla, rumfar mai shayi, motocin da ake ajiyewa a gaban get. Ka duba ko akwai wurin ja da baya a tsallaken titi, ko wani bene da za a iya roƙon hawa barandarsa. Gini biyar sun isa a fitar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya fito da jerin gini 30 zai koma gida da hotuna 30 na gaggawa.

Mataki na uku: sallama kafin kyamara

Wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci a Abuja, kuma da kuskure na koye shi. Wata Asabar da sassafe na kafa ƙafar kyamara a tsallaken wani gida a Kubwa, mai fentin ruwan ƙwai da wata ƙubba ƙarama a saman matakala. Ban kai ga danna komai ba sai ga mai gadi, dattijo mai farin gemu, ya tsallako da rediyonsa a hannu, bayansa ga mai shagon kusa, ga wasu samari biyu.

“Malam, lafiya? Daga wane ofis aka turo ka?”

“Lafiya lau, Baba. Ba wanda ya turo ni, ginin ne ya burge ni.”

“To ai da ka fara yin sallama. Mu nan in muka ga ana ɗaukar gida hoto, jan fenti ne ke biyo baya.”

Gaskiyarsa ce. Mutanen gefen Abuja ba su manta rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ba, lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan birnin, kuma har yau jan fenti a jikin katanga, alamar da ake sa wa ginin da za a rushe, abin faɗuwar gaba ne. Ga kuma tsoron masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto, wanda ya sa baƙon da ke nazarin ƙofar gida ya zama abin zargi tun kafin ya buɗe baki. Na ba Baba haƙuri, na nuna masa katin shaidata da wasu hotunan gine-gine a wayata, ya shiga ya sanar da mai gidan, aka ce in dawo washegari. Hoton da na samu ranar Lahadin ya fi wanda zan samu a sace, domin har get aka buɗe mini aka janye mota.

Tsarin da nake bi tun daga ranar shi ne in bar kyamara a jaka, in yi sallama, a gaisa sosai, in faɗi sunana da abin da ya kawo ni da inda hoton zai je, sannan in nemi a kai maganar ga mai wurin. A filaza manaja ake nema, a rukunin gidaje masu get kuma ofishin masu kula da rukunin ko shugaban mazauna. Idan aka ce a'a, ka yi godiya ka wuce, kada ka tsaya muhawara a kan cewa titi na gwamnati ne. Ka guji ɗaukar matan gida da yara, ka bar makarantu ko da gininsu ya burge ka, sai dai in hukumar makarantar ce ta yarda, kuma a ranar da babu ɗalibai.

Akwai wuraren da ba a ma tambaya: barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, ofisoshin jakadanci, kewayen fadar shugaban ƙasa da na filin jirgin sama. Hedikwatar Ma'aikatar Tsaro da ake kira Ship House, wadda aka gina da siffar jirgin ruwa, tana da duk abin da mai son wannan salo yake nema, amma ka bar ta a idonka. Jirgi marar matuƙi kuma ba a tashinsa sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Mataki na huɗu: haske da lokacinsa

Abuja tana kusan digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa rana take hawa da sauri, ta kuma faɗi da sauri. Fitowarta tana kaiwa da komowa tsakanin shida da minti goma da bakwai saura minti goma a tsawon shekara, faɗuwarta ma kusan haka, tsakiyar rana kuma wajen sha biyu da rabi ne. Daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na yamma hasken daga bisa yake saukowa, sai baranda da bakin rufi su jefa baƙar inuwa a kan tagogi, ginshiƙai su baje su rasa zagayensu. Ginin da ke kallon gabas a zo masa tsakanin bakwai da tara, mai kallon yamma kuma daga huɗu da rabi zuwa shida. Hasken da ya fi kyau shi ne wanda ya zo a karkace yana shafar bango daga gefe, don shi ne yake fito da tsagogin jikin ginshiƙi da zanen filasta.

Masu kallon kudu da arewa sai an yi musu lissafin wata. A tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana bi ta tsakar ka a Abuja. Tsakanin waɗannan lokuta biyu tana karkata arewa, sauran shekara kuma tana karkata kudu, har a Disamba tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 58 ba. Ma'ana, gini mai kallon kudu yana shan rana kusan yini guda daga Nuwamba zuwa Janairu, mai kallon arewa kuwa yana cikin inuwa a waɗannan watanni, sai a jira shi a Mayu da Yuni da Yuli, lokacin da rana take fitowa daga arewa maso gabas ta faɗi arewa maso yamma. Manhajoji irin su SunCalc suna nuna wannan a kan taswira kafin ka bar gida.

Yanayin shekara ma yana da nasa hukunci. Ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin saukar hazo, sama tana shuɗi, itatuwa suna kore, fenti kuma ya wanku, kuma wannan ne lokacin da launuka suke fita yadda mai gida ya biya kuɗinsu. Da damina akwai wata dama da na fi so a kan kowace: hadari a wannan yanki daga gabas yake tasowa, saboda haka idan ka tsaya da la'asar gaban gini mai kallon yamma, rana tana bayanka tana haska fuskarsa, baƙin hadari kuma yana bayansa, farin ginshiƙi sai ya fito kamar an kunna masa fitila. Minti goma ne ko ƙasa da haka kafin iska ta taso, don haka ka tanadi leda da inda za ka fake. Hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, mutane suna raina shi saboda sama tana yin fari fat launi ya dusashe, amma hazo yana tausasa inuwa, kuma wannan shi ake bukata idan ana ɗaukar jerin abubuwa iri ɗaya domin a kwatanta su. Jamusawan nan Bernd da Hilla Becher, waɗanda suka shafe shekaru suna ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen masana'antu gaba da gaba, irin wannan lumshin suke jira.

Akwai kuma 'yan mintunan da sama take yin shuɗi mai duhu fitilu suna kunne, waɗanda masu hoto suke ƙauna ƙwarai. A nan ba sa wuce minti 20 zuwa 25, kuma da yamma suna faɗowa ne daidai kan sallar magariba. Mafita ita ce a neme su da asuba: ka idar da salla ka nufi wurin, za ka tarar da shuɗin iri ɗaya, titi babu motoci, fitilun tsaro ba a kashe ba tukuna. Sai dai ka sanar da mai gadi tun jiya, kada ya ga mutum da ƙarfe mai ƙafa uku cikin duhu, kuma ka sa a ranka cewa in an ɗauke wuta tafiyar ta tashi a banza.

Mataki na biyar: kayan aiki da saiti

Waya mai kyau ta isa a fara. Ka kunna layukan ragar da ke raba allo gida tara, ka kunna ma'aunin daidaito in wayar tana da shi, ka goge gilashin. Ka guji saitin zuƙowa na 0.5, wanda yake haɗiye wuri mai faɗi amma ya lanƙwasa gefuna ya mai da ginshiƙan ƙarshe kamar za su faɗi. Ka tsaya a kan 1, in akwai wurin ja da baya kuma ka koma 2 ko 3, matuƙar wayar tana da gilashi na musamman don haka. Idan bango fari ne ko ruwan madara, ka taɓa shi a allo ka ɗan rage haske har sai zanen filasta ya bayyana.

Mai babbar kyamara yana bukatar gilashi mai kama daga milimita 24 zuwa 70 don yawancin aiki, da wani mai kai wa 200 don zuƙo kan ginshiƙi da ƙubba daga tsallaken titi. Ka sa ƙofar haske a f/8 ko f/11, ISO (ma'aunin yadda kyamara take jin haske) a 100, ka ɗauka a tsarin RAW (ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara), ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku ka sa mata ƙidayar daƙiƙa biyu don kada hannunka ya girgiza ta. In a hannu take, kada saurin ƙiftawa ya gaza 1/125 na daƙiƙa. Gilashin rage ƙyalli yana ƙara wa sama shuɗi yana rage walƙiyar taga, ya fi aiki kuma idan rana tana gefenka, amma yana cinye haske, kuma a faffaɗan gilashi yakan bar sama da duhu a ɓangare ɗaya. Gilashi mai zamewa sama da ƙasa, irin Canon TS-E 24mm, shi ne na ƙwararrun masu hoton gini, sai dai tsadarsa ba ta mai farawa ba ce. Da hunturu kada ka sauya gilashi a fili, ka shiga mota ka rufe, domin ƙurar da ta shiga ciki za ta fito ɗigo-ɗigo a saman kowane hoto.

Mataki na shida: inda za ka tsaya

Kuskuren da kowa yake yi shi ne ya tsaya kusa ya ɗaga kyamara sama don rufi ya shiga. Da zarar bayan kyamara ya daina daidaita da bangon, layukan tsaye sai su fara matsowa juna ta sama, ginin ya yi kamar zai kwanta ta baya. A ginin da duk alfaharinsa ginshiƙai ne wannan ɓarna ce babba. Maganinsa ka riƙe kyamara a miƙe kamar yadda birkila yake riƙe ma'aunin ruwa, ka ja da baya har rufin ya shiga da kansa, ka yarda rabin hoton na ƙasa ya zama kwalta da kwata, daga baya ka yanke su. Idan titi ya yi ƙunci, ka nemi tudu: matakalar shagon da ke tsallake, bayan a-kori-kura, ko barandar hawa na ɗaya, wadda ita ce ta fi, domin tana kai ka tsakiyar tsayin ginin kuma tana tsallake maka katanga.

Ga hoton gaba da gaba, ka nemo tsakiyar ginin ka tsaya daidai a kanta. Hanyar ganewa ita ce ka dubi abu biyu da suke layi ɗaya, kamar tsinin alwatikar sama da tsakiyar ƙofa, ko ka ga cewa cikin taga ta dama da ta hagu suna bayyana daidai wa daida. Taku ɗaya zuwa gefe yana ɓata wannan, kuma ido yana ganewa ko da mai kallo bai san abin da ya dame shi ba. In ba za a samu tsakiya ba saboda falwaya ko bishiya, gara ka matsa sosai ka ɗauka daga kusurwa, a ga da gangan ka yi.

Batun katanga yana bukatar a yi masa adalci. Mai farawa yakan ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, alhali a Abuja katanga da get wani ɓangare ne na zanen, sau da yawa ma an fi kashe musu tunani. Haka tankin ruwa a kan ƙarfensa, da ɗakin janareta, da faifan sola, da waya mai ƙaya a saman zankwaye. Ban yarda a goge su da kwamfuta ba. Ginshiƙin Girka da baƙin tankin roba a gefensa shi ne gaskiyar wurin, kuma wanda zai duba hoton nan da shekara 30 zai fi koyon wani abu daga tankin. Abin da nake gujewa shi ne karkatar da kyamara ko zaɓen kusurwar da za ta mai da gidan mutum abin dariya. In akwai raha a ginin, za ta fito da kanta idan aka ɗauke shi a miƙe.

Bayan manyan hotuna biyu sai ka matso. Ka ɗauki kan ginshiƙi inda ganyen siminti ya haɗu da silin, da dagin Arewa da aka ƙera a jikin get, da wurin da tayil ya ƙare fenti ya karɓa, da hoton unguwar da yake bayyana a shuɗin gilashi. Sannan ka jira mutum ɗaya ya ratsa, mai tura kurar ruwa ko mai keke, daga nesa yadda ba za a gane fuskarsa ba, domin sai da mutum ake sanin cewa ƙofar nan ta ninka tsawonsa uku.

Mataki na bakwai: gyara da adanawa

Gyaran farko shi ne miƙar da layuka. Manhajojin gyaran hoto Lightroom da Snapseed duk suna da wurin yin haka, amma gyaran yana cin gefunan hoto, don haka tun a wurin ɗauka ka bar sarari a kowane ɓangare. A dogon bene kada ka miƙar da shi gaba ɗaya, ka bar ɗan matsowa kaɗan ta sama, in ba haka ba zai yi kamar kansa ya fi gindinsa faɗi. Launi kuma ka bar shi yadda yake, domin ruwan hoda da ruwan ƙwai da kore-shar na waɗannan gidaje ba sa bukatar ƙari. Ka daidaita farin da wani abu da ka san fari ne a wurin.

Kafin ka sa hoton gidan wani a Instagram ko Facebook, ka rufe lambar gida da lambar mota, ka cire bayanin wuri da waya take liƙa wa hoto, ka ambaci unguwa kawai ba titi ba. Cikakken bayanin ka bar shi a littafinka da sunan fayil: unguwa, titi, kwanan wata, sa'a, inda fuskar take kallo, da shekarar gini in mai gida ya faɗa maka. Ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Ka wanke hoto ɗaya babba ka kai wa mai gidan, ƙarami kuma ga mai gadi in ya yarda ka ɗauke shi a bakin get ɗinsa, domin ta hannunsa za ka samu shiga gidan maƙwabta. Bayan shekara ka koma ka tsaya a wurin da ka tsaya, da gilashi ɗaya, a sa'a ɗaya. Gidan Kubwa da na ambata, da na koma na tarar an mai da fentinsa toka-toka, an cire ƙubbar an ɗora faifan sola shida a gurbinta, Baba kuma ya ajiye hoton farko a cikin leda a saman tagar ɗakinsa.